Ranar da Lawal Bai Bar wa Manaja Ko Ɗaya Ba

Wannan babin naku ne, 'ya'yan Lawal, musamman kai Nura, da ka zo mani da waya a hannu ranar sallar nan kana nuna mani Turawa suna buga tenis. Ka ce akwai wani abu da suke kira turmin zinariya, wato mutum ya cinye turmi guda cur abokin karawarsa bai samu maki ko ɗaya ba. Ka ce manyan 'yan wasan duniya, waɗanda da shi suke ci suke sha, sai mutum ya tsufa ya ajiye wasan bai taɓa yi ba, bai ma taɓa ganin an yi a gabansa ba. Na ce maka ni na gani. Kuka bushe da dariya kai da ƙannenka, wai tsohuwa ta fara ruɗewa. Ban ruɗe ba. Ubanku ne ya yi, ina tsaye da ludayi a hannu. Maganar da ake yawo da ita a dangi kuma, wai rashin ladabi ne ya hana shi zuwa ƙasar waje, ku zauna ku ji yadda aka yi daga bakin wadda take wurin. Bokona da furfura a kai na yi shi, don haka in kun ga harafi ya karkace ku miƙe shi, amma kada wanda ya taɓa mani magana.

A shekarun can kuɗin mai ya sauko kamar ruwan marka. Malamin firamare ya sayi babur, masinja ya sayi rediyo mai kaset, manyan motocin 'yan kwangila suka cika hanya. Gwamnati ta kafa wani sansanin aikin gona kusa da Faskari, aka jibge taraktoci da taki da buhunan iri, aka gina wa ma'aikata gidajen kwano. Kwatas muke ce wa wurin. Ni 'yar 'Yargoje ce, aure ya kai ni Ruwan Godiya, kakanku kuma ya rasu ya bar ni da 'ya'ya da gona. Ban zauna jiran kowa ba. Na kafa tukunya a bakin ƙofar Kwatas ina sayar wa leburori da direbobi tuwo da miyar kuka, ubanku kuwa yana ciki yana tuƙa tarakta, ya yi aure, matarsa Hajara, uwarku ke nan, a shekarar da abin ya faru tana da tsohon ciki.

Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, shi ya sa sai na faɗa maku. Lawal shi ne na farina. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yaba shi, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. Ana yaye shi Iya, uwar kakanku, ta ɗauke shi, ita ta rene shi. Ni in zan aike shi sai in ce "kai yaron nan", da ya girma na koma ce mashi Direba. Shi kuma Yaya yake ce mani, kamar wata yayarsa. Yana zuwa cin tuwo wurina, in zuba mashi daidai da na kowa, ko tsoka guda ban taɓa ƙara mashi ba. Bakina bai taɓa barin kowa ba, duk Faskari an shaide ni, amma a kan yaron nan na zama bebiya.

A bayan sito aka daɓe wani fili da siminti, aka ja mashi fararen layuka, aka ɗaura raga a tsakiya. Mu mata da muka gan shi muka ce madalla, ga wurin shanyar barkono, sai da masu gadi suka kore mu. Wani injiniya Ba'indiye ne ya rasa abokin wasa, ya miƙa wa Lawal raket, abin nan mai kama da rariya da ƙota. Ubanku tun yana yaro gwanin majajjawa ne, in yana tsaron dawa tsuntsu ba ya sauka sau biyu. Hannun nan da idon nan ya kawo. In an tashi aiki sai ya yi ta dukan bangon sito har magariba. Kafin Ba'indiyen ya koma ƙasarsu ya daina cin Lawal, ya bar mashi raket ɗin ya tafi. Ni kuwa daga wurin tukunyata ina hango filin, kullum ina kallo ta wutsiyar ido kamar ban damu ba, har na iya lissafinsu. Lissafin mahaukata ne: ka ci ɗaya a ce sha biyar, ka ci biyu a ce talatin, na uku arba'in, na huɗu ka ɗauke gem. Gem shida su ne turmi. Ke nan mai son cinye turmi ba a taɓa shi ba sai ya ci ashirin da huɗu a jere. Mai fara bugu kuma dama biyu ake ba shi, in ya ɓata ta farko yana da ta biyu, in ya ɓata ta biyun makin ya tafi. Ku riƙe wannan.

Sai aka kawo sabon Manaja daga Kaduna. Ba mugun mutum ba ne, kada ku ce na ce. Dogo ne mai fara'a, yana gaishe ni da "Mai tuwo, ina gajiya", yana kuma son tenis kamar ransa. Ya iya daidai gwargwado. Amma tun da ya zo ba wanda ya taɓa cin shi, domin kowa ya san hannun da ke sa hannu a takardar ƙarin girma. Akawu ya bar mashi, injiniya ya bar mashi, Lawal ma in sun buga sai ya riƙa zubar da ƙwallo a raga yana girgiza kai kamar abin ya fi ƙarfinsa. A shekarar aka ce za a tura direba ɗaya ƙasar waje koyon gyaran manyan injuna, wanda ya dawo ya zama babban ma'aikaci. Manaja ne zai zaɓa, kuma kowa ya san Lawal yake nufi, har an auna shi za a ɗinka mashi kwat.

Bayan an gama girbi aka shirya gasar ma'aikata. Aka yi ta kifar da juna har saura biyu, Manaja da Lawal. Ana gobe za a buga, Baffa Iro, ƙanen kakanku wanda ke riƙe da gidan, ya kira shi tsakar gida bayan la'asar. Iya na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ni ina bakin murhu.

"To, gobe kai da Manaja," in ji Baffa Iro. "Ka dai san abin da ya kamata."

"Baffa, duk Kwatas an san na fi shi. In na faɗi shi ma ya san ƙarya ce."

"Wa ya ce ka faɗi? Ci abinka. Amma baƙon kirki ba ya suɗe kwano. Ka ci ka bar mashi, ya ci ya bar maka, daga ƙarshe ka tsere mashi da taki guda. Kowa ya tashi da hularsa a kai."

Iya ta ce, "Wai duk a kan ƙwallon nan mai gashi kamar ɗan tsako ake wannan shawara? In shi yake so ba shi duka, kai ka hau jirginka. Mi za ka yi da shi, miya?"

Lawal ya yi dariya ya ce ya ji. Ya ɗan juyo wajena, ni kuwa na ci gaba da tura kara cikin wuta. Ba hurumina ba ne. Da muka koma wajen turmi Hajara ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya.

"Inna, ya ce in ya dawo daga kwas gida za a ba mu a Kwatas, mai famfo a ciki. Ki ga, famfo a cikin ɗaki."

Na ce mata Allah ya sa. Da zuciya ɗaya na faɗa.

Washegari aka jera kujeru, masu unguwanni suka zo, leburori suka hau kan buhunan taki. Turmi ɗaya aka ce za a yi saboda rana. Na bar wa yarinyata tukunya na matsa jikin wayar da aka kewaye filin da ita, ban ma lura ludayi na hannuna ba. Manaja ya fito da farin gajeren wando, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, yau ba Manaja ba direba. Duk wanda ya yi mani kara ya zage ni."

Aka tafa. Irin maganar manya ce, kamar mai gida ya ce wa baƙo "ai gidanka ne". Ba a taɓa jin baƙon da ya tashi ya sayar da gidan ba.

Manaja ya fara bugu. Lawal ya mayar, ya sake mayarwa, gem na farko ya tafi Manaja bai taɓa komai ba, yana dariya yana cewa yaro ya ci tuwon uwarsa. Na biyu na Lawal ne, huɗu ya buga huɗu suka wuce. Daga baya ya faɗa mani niyyarsa a na uku zai fara saki. Ya kuwa saka. Ina gani ya ɗaga ma Manaja ƙwallo sama, laushi laushi, irin wanda ko Iya za ta iya dokawa. Manaja ya zabura zai nuna ƙarfi ya maka shi a raga. Lawal ya sake ba shi wani, ya maka shi bayan layi har ya kusa samun wani mai unguwa. Kyauta ma sai da hannun karɓa. Daga nan kuma wani abu ya sauko wa ubanku. Ban san sunan abin ba. Inda idonsa ya duba nan ƙwallo ke sauka, ƙafarsa tana isa wuri kafin ƙwallon ya yi niyyar zuwa, bai yi gumi ba, bai yi gaggawa ba, fuskarsa kamar mai jan carbi. Na ga gwanayen noma a gayya, na ga mata masu luguden da taɓarya ke magana a hannunsu, ban taɓa ganin aiki ya zauna a jikin mutum kamar na ranar ba.

Akawun da ke kiran maki da farko da ƙarfi yake yi. A gem na huɗu muryarsa ta dawo ta mai gaisuwar mutuwa. Leburori da ke ihu suka yi tsit. Manaja ya daina dariya, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Baffa Iro ya taso daga kujera ya zo jikin waya yana ta tari, ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa. Gem biyar, babu ko ɗaya. Aka shiga na shida, bugun Lawal. Sha biyar. Talatin. Arba'in. Saura ɗaya.

Nan ubanku ya farka. Ya dubi Manaja, ya dubi Baffa Iro, ya jefa ƙwallo sama ya doka shi can gindin raga, ɓatar da ko makaho ya san da gangan ce. Na ji mutane sun saki numfashi, wani a bayana ya ce, "Yauwa, yaro ya san gida." Ya zaro na biyu daga aljihu. In ya zubar da wannan Manaja ya samu ɗaya, an bar saura a kwano, kowa ya huta. Sai na ga kafaɗunsa sun sauka.

Na san kafaɗun nan. Kakanku ɗan kokawa ne, a zamaninsa daga Ruwan Godiya har Ƙanƙara bayansa bai taɓa ƙasa ba. Wata shekara aka haɗa shi da ɗan wani mai sarauta, dattawa suka ja shi gefe suka yi mashi magana, ya shiga ya faɗi. Aka ba shi riga. Ya dawo gida da kafaɗun nan, ya rataye rigar bai taɓa sa ta ba, bai sake shiga fili ba. Har ciwon ajalinsa in zazzaɓi ya yi zafi sai ya riƙa cewa, "Na riga na ɗaga shi fa, na riga na ɗaga shi." Ni na zauna da wannan, ba dattawan ba.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Bakina ne ya buɗe.

"Lawal! Buga abinka!"

Duk filin ya juyo. Mata suka kama baki. Shi kuwa ya tsaya da ƙwallo a hannu yana kallona kamar yau ya fara ganina. Ya juya, ya miƙe, ya jefa sama. Bugu na biyu kowa lallaɓa shi yake yi don kada ya ɓace. Shi da dukan ƙarfinsa ya saka, ƙwallon ya sauka kan layi ya tada farar ƙura, Manaja ko motsi bai yi ba. Akawu ya buɗe baki ya kasa. Manaja da kansa ya ce, "Gem." Ya zo raga ya ba shi hannu, yana murmushin wanda ya tauna tsakuwa a shinkafa. Shi ya miƙa mashi agogon bangon da aka sa a gasar.

Yanzu ku ji kuɗin abin, don ba kyauta aka samu ba. Ba a yi wata guda ba aka liƙa sunan wani direba daban, shi zai tafi kwas. Ubanku aka tura shi Sabuwa share daji, inda ba fili ba raga, ba ma hanyar kirki. Masu gadi suka ce in ɗauke tukunyata daga bakin ƙofa. Ko Manaja ne ya sa su ko neman fada suke, Allah ya sani, ban tambaya ba. Na koma bakin kasuwa, ciniki ya ragu. Baffa Iro ya ce mace ta rushe abin da maza suka gina. Iya ta kalle ni ta ce, "Ɗiyar 'Yargoje, kin kira ɗan fari da suna gaban masu unguwanni. Saura ki goya shi." Damina guda ba ta amsa gaisuwata ba. Mata a rijiya in na iso sai su riƙa kiran 'ya'yansu da ƙarfi suna ƙunshe dariya. Waɗannan duk ban damu ba, na ba kowa amsarsa. Wadda ta dame ni Hajara ce. Ta haihu mijinta na daji, ta ci gaba da zuwa rijiya da goyo. Ba ta taɓa faɗa mani baƙar magana ba, sai dai ta daina matsowa kusa da ni wajen daka. Uwarku tana da gaskiya a fushinta, ban taɓa cewa ba ta da ita ba. Famfon nan nata ne, ni na kashe shi.

Da ruwa ya ɗauke na hau motar itace na tafi Sabuwa, abin da uwar ɗan fari ba ta yi. Na iske shi kwance ƙarƙashin tarakta, ya fito duk baƙin mai. Na ajiye mashi ƙullin dakuwa. Muka zauna a inuwar taya.

"Kin ja mani," in ji shi.

"Na ja."

"Da yanzu ina ƙasar sanyi ina cin burodi da cokali."

"Ka so da ka zubar?"

Ya daɗe yana murza dakuwa a hannu. Ya ce, "Wani lokaci. In na tuna Hajara da tulu." Ya gutsiri dakuwar. "Amma in na kwanta barci nake yi, Inna."

Bai taɓa ce mani Inna ba sai ranar. Na tashi na ce mota za ta bar ni, alhali motar sai yamma.

Bai sake riƙe raket ba. Injunan da ba a tura shi koyo ba, a dajin Sabuwa ya koye su, don in tarakta ta lalace can ba mai zuwa. Da kuɗin mai ya ja baya Kwatas ta watse, ya buɗe garejinsa a Ƙanƙara, ya kwaso mu duka. Bai yi arziki ba, bai kuma roƙi kowa ba. Da hannunsa ya ja wa uwarku famfo, ko da yake a tsakar gida ne, kuma sai da aka haifi na huɗunku. Shi ya kai ni ajin yaƙi da jahilci a bayan babur, ya tsaya ta taga yana yi mani dariya ina fama da baƙi da wasali. Alhamdulillahi. Allah ya ba ni ɗa, ya kuma ba ni shekarun da na zauna da shi ina kiran sunansa duk lokacin da na ga dama, wani lokaci ba don komai ba.

Ranar sadakar ukunsa kuna waje da maza kuna karɓar gaisuwa, shi ya sa ba ku san wannan ba. Aka ce wani tsoho daga Kaduna yana son ya shigo ya gaishe ni. Ya shigo da sanda, jikansa na riƙe da shi. Ban gane shi ba sai da ya ce, "Mai tuwo, ina gajiya." Ya zauna, muka yi addu'a. Ya ce wani tsohon direba ne ya kai mashi labarin rasuwar.

"Hajiya, na buga wasan nan har gwiwa ta hana ni. Na ci kofuna, suna nan a falo. Ban san ko ɗaya da zan rantse ni na ci ba. Wasa ɗaya na san gaskiyarsa, wanda ɗanki ya yi mani. Duk inda aka zauna hirar tenis sai na ba da labarin, in ce ni ne wanda ke ɗaya gefen."

Na ce, "To, Alhaji, kwas ɗin fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ƙuruciya ce da kujera, in yafe mashi. Na ce wanda zai roƙa yana ƙasa tun shekaranjiya, amma na san ɗana, ya daɗe da yafewa, ni ma na bi bayansa. Na sa aka kawo mashi fura, ya sha. Da ya tashi zai fita ya tsaya a bakin ƙofa.

"Hajiya, abu ɗaya nake so in sani. Da ba ki yi kiran nan ba, da ya bar mani?"

"Da ya bar maka."

Ya gyaɗa kai.

Na ce, "Da ya bar maka, da ka tura shi kwas, da yau ba ka san hanyar gidan nan ba."

Ya ce haka ne. Jikansa ya kama mashi hannu suka fita.